Burodin Gida a Inji: Abin da Mai Koyo a Lahodu Za Ta Fara Sani

A ƙasar Wurno alkama ba baƙuwa ba ce. Da sanyin hunturu ake shuka ta a fadamun gulbin Rima, a girbe ta kafin zafin bazara ya kankama, kuma tun da aka kammala madatsar ruwa ta Goronyo a 1984 noman rani ya ƙara samun gindin zama a wannan yanki. Matan Lahodu da Achida da Rabah sun gaji alkaki da funkaso da taliyar murji daga iyayensu, sun san yadda ƙullin alkama yake tashi idan an rufe shi an ajiye. Farin burodin da ake shan shayi da shi kowace safiya kuwa daga gidajen burodi yake zuwa, a bayan babur ko cikin mota, kuma da fulawar alkamar ƙasashen waje ake yin sa, domin fiye da kashi 90 cikin ɗari na alkamar da Nijeriya ke ci shigo da ita ake yi. Yanzu ga injin yin burodi na gida, wanda ake samu a shagunan kayan lantarki na Sakkwato da Kano da kuma wajen 'yan gwanjo, masu sayarwa suna cewa zubawa kawai za ki yi ki danna, ki dawo ki tarar da burodi. Maganar tasu rabin gaskiya ce. Injin yana murzawa yana gasawa, amma ba ya gani, ba ya taɓawa, kuma an ƙera shi ne don ɗakin girki mai sanyi da wutar da ba ta yankewa. Uwargidan da ke son ya yi mata aiki a nan sai ta riƙe abu uku da kanta: awo, zafin gari, da lokacin wuta.

Sanin abin da ke cikin akwatin yana rage tsoronsa. Kamfanin Matsushita na Japan, wanda yau ake kira Panasonic, shi ya fara fitar da irin wannan inji a 1986, kuma har yau tsarinsa bai sauya sosai ba. Akwai gwangwanin gashi mai zurfi, a gindinsa akwai wata 'yar muciyar ƙarfe da ƙaramin injin lantarki (mota) ke juyawa, a kewayensa akwai waya mai ɗaukar zafi, sai ɗan agogo da ke ba kowannensu umarni. Idan aka danna shirin da aka rubuta Basic, wanda shi ne na farin burodi, injin zai yi kusan rabin awa yana murza kwaɓi, ya bar shi ya tashi, ya juya shi don iska ta fita, ya sake barin sa ya tashi, sannan ya gasa na kusan awa ɗaya. Duka aikin awa 3 ne zuwa 4, gwargwadon kamfani. Agogon nan da mintuna kaɗai yake aiki. Idan kwaɓi ya gama tashi da wuri saboda zafi, ba zai gaggauta gashi ba. Idan bai tashi ba saboda yis ya mutu, ba zai jira ba. Daga nan ne kusan duk lalacewar burodin masu koyo take fitowa. Kafin saye kuma a duba bayan injin: wanda aka rubuta 220 zuwa 240 shi ne na wutarmu, na Amurka mai 110 ko 120 ƙonewa zai yi da an jona shi. Idan na gwanjo ne, a tabbata muciyar tana nan, a zuba ruwa a gwangwanin a ga ko yana yoyo ta gindi, domin waɗannan biyun wuyar samu gare su a kasuwa.

Sai awo, wanda a nan ne girkin burodi ya rabu da sauran girkinmu. Mai tuƙa tuwo tana ƙara gari tana jin nauyinsa a hannu, ta gyara nan take. Mai inji ta rufe murfi ta tafi, don haka kuskuren da ta yi a minti na farko shi za ta ciro bayan awa uku. Ga awon burodi ɗaya madaidaici: fulawa giram 500, ruwa mililita 300, man gyaɗa ko bota babban cokali 2, sukari babban cokali 2 zuwa 3, madarar gari babban cokali 2, gishiri ƙaramin cokali 1 da rabi, yis na gari mai saurin tashi ƙaramin cokali 1 da rabi. Cokulan da ake nufi su ne na awo da ke zuwa tare da injin, babba mililita 15, ƙarami mililita 5, kuma a shafe bakinsu, kada a yi tozo. Wannan awo yana ba da burodi mai nauyin kusan giram 800, don haka a injin da ke da zaɓin girma a ɗauki na 750. Ruwan ledar nan da ake sayarwa mililita 500 ne, ke nan abin da ake buƙata ya ɗan haura rabin leda, amma kofin awo ya fi ido gaskiya. Fulawa kuwa ita ce mai yaudara. Kofi ɗaya na iya ɗaukar giram 120 idan an zuba ta a sake, ya ɗauki giram 150 idan an danna, kuma a kofi huɗu wannan bambanci ya kai giram 120, wanda ya isa ya mayar da burodi mai laushi dunƙulen da wuƙa ke wahala da shi. Saboda haka ɗan sikelin girki mai batir ya fi kowane maɓalli na injin amfani, kuma a ganina wadda ba ta shirya sayen sikeli ba ta dakata da sayen inji. Idan ba makawa sai gwangwanin madara, a auna shi sau ɗaya a sikelin mai shago, a san nawa yake ɗauka, a riƙa cika shi iri ɗaya kullum.

Kowane abu a jerin nan da aikinsa, kuma wadda ta san aikin ba za ta rage ko ta ƙara a makance ba. Fulawar alkama tana da wani danƙo da ke fitowa idan ta sha ruwa ta sha murza, shi ne ke riƙe iskar da yis ke fitarwa har burodi ya kumbura. Fulawar buhu ta Golden Penny ko Honeywell, wadda gidajen burodi ke aiki da ita, tana da wannan danƙo isasshe, muddin sabuwa ce, ba ta yi warin ajiya ba, ba ta yi ƙwari ba. A tankaɗe ta kafin awo. Gishiri yana ba da ɗanɗano, yana kuma ja wa yis linzami, shi ya sa burodin da aka manta da gishirinsa yake tashi fiye da kima ya faɗa. Sukari abincin yis ne, shi ke sa ɓawo ya yi ja, amma bakinmu a Arewa ya saba da burodi mai zaƙi, kuma mai koyo takan so ta ninka shi. Har babban cokali 4 injin zai jure, idan aka zaɓi gashin ɓawo mai haske. Fiye da haka yis yana yin sanyin jiki, ɓawon kuma ya ƙone kafin ciki ya nuna. Shi kuwa yis abu ne mai rai, kuma zafin shagon kwano a watan Afrilu yana kashe shi a hankali. Gara ƙananan ledoji da babban ƙunshin da za a buɗe a yi wata uku ana ɗiba. Idan ana shakka, a zuba ƙaramin cokali ɗaya a rabin kofin ruwan ɗumi da ɗan sukari. Idan bayan minti 10 kumfa bai taso ba, a zubar da shi, kada a yi asarar fulawa.

Wajen zubawa, a ciro gwangwanin daga cikin injin tukuna, don kada gari ya zube kan wayar zafi ya yi hayaƙi. A sa muciya a mazauninta, a zuba ruwa, sai mai, sai sukari da gishiri da madara, sai fulawa ta rufe ruwan gaba ɗaya, a yi ɗan rami da yatsa a tsakiyarta a zuba yis. Hikimar wannan jeri ita ce kada yis ya haɗu da ruwa ko gishiri kafin murza ta fara. Wasu injuna, musamman na Panasonic, da yis suke farawa su ƙare da ruwa, don haka idan ɗan littafin injin ya faɗi nasa jeri, a bi shi. A mayar da gwangwanin har ya zauna daram, a rufe, a danna.

Bayan minti 5 zuwa 10 da fara murza, a ɗaga murfi a leƙa. Masu koyo da yawa suna tsoron buɗewa, alhali a wannan mataki ba abin da buɗewa ke ɓatawa, kuma wannan leƙen shi ne ainihin sana'ar. Abin da ake so a gani shi ne kwaɓi ya haɗe ya zama dunƙule ɗaya mai santsi, yana zagaya gwangwanin yana bugun gefe yana saki, gindin gwangwanin kuma fes. A taɓa shi da yatsa: ya ɗan kama yatsan ya sake shi, laushinsa kamar na fatar kunne. Idan ya tsattsage, gari ya maƙale a kusurwa, injin yana gurnani kamar zai tsaya, ruwa ya yi kaɗan, sai a ƙara babban cokali ɗaya a jira minti biyu a sake dubawa. Idan ya shimfiɗe a gindi yana shafa gefe, muciya tana iyo a cikinsa, ruwa ya yi yawa, sai a ƙara fulawa cokali ɗaya. Kada a ƙara biyu a lokaci guda, domin cokali ɗaya yana yin tasirin da ido bai zata ba. Ana iya cewa ai an riga an auna, me ya kawo gyara kuma? Amsar ita ce fulawa ma tana bin yanayi. Da hunturu, lokacin da iska ke busar da leɓe ta tsage dunduniya, fulawar da ke cikin buhu ta bushe ita ma, tana iya neman ƙarin cokali biyu na ruwa; da damina ta sha raɓa, mililita 290 na iya isar ta. Awo yana kai mutum bakin ƙofa ne, ido ke shigar da shi. Da zarar an daidaita kwaɓin sai a rufe, kuma da gashi ya fara kada a sake ɗaga murfin, domin zafin da ya fita ba ya dawowa da wuri, saman burodi sai ya lotsa.

Zafin gari shi ne abin da littattafan injin ba su yi tunaninmu a kai ba. An rubuta su ne don ɗakin da zafinsa ke kusa da digiri 20, shi ya sa suke cewa a sa ruwan ɗumi. A gabashin Sakkwato, a watannin Maris da Afrilu da Mayu, zafin rana yana haura digiri 40, fulawar kanta da ɗuminta, murzar inji kuma tana ƙara wa kwaɓi zafi. Yis ya fi jin daɗin aiki idan kwaɓi yana tsakanin digiri 26 da 28. Idan ya haura 35 sai ya yi ta gudu, kwaɓi ya kai murfi tun agogo bai zo gashi ba, danƙon ya gaji ya saki, burodi ya fito da rami a ka da ɗan tsami a baki. Wadda ta ga haka takan ce yis ɗin bai isa ba ta ƙara, alhali yawa ya yi. Maganin da bazara shi ne ruwan randa mai sanyi, ko ma a jefa ɗan ƙanƙara a cikin awon ruwan, a rage yis ya koma ƙaramin cokali 1, a ajiye injin a inuwa inda iska ke ratsawa, a kuma yi aikin da sassafe idan wuta ta yarda. Shirin nan da ke ba mutum damar zuba kaya da dare injin ya tashi da kansa da asuba, a manta da shi a lokacin zafi. Da hunturu, sa'ad da sanyin dare kan sauko kusa da digiri 15, maganar littafin ta zama daidai: ruwa mai ɗumin da za a iya yi wa jariri wanka da shi, ba wanda ya fi haka ba, domin daga wajen digiri 55 zuwa 60 yis mutuwa yake yi.

Babbar hujjar masu cewa wannan inji ba na ƙauyukanmu ba ne ita ce wuta, kuma hujja ce mai nauyi. Wa zai yi alkawarin awa uku ba ɗaukewa? Yawancin injunan suna iya tuna inda suka tsaya na mintuna kaɗan ne kawai, wasu 10 wasu 15, bayan haka sai a faro daga farko. Amma idan aka duba yadda injin ke cin wuta, matsalar tana raguwa. Lokacin murza motar ba ta cika wuce wat 100 ba, lokacin tashi kusan ba ya cin komai, sai awar ƙarshe ce wayar zafi ke jan wat 500 zuwa 700, tana kamawa tana saki. Burodi ɗaya bai cika cinye fiye da rabin yunit ba. Ke nan gidan da ke da sola da inbata mai ƙarfin wat 1000 ko fiye zai iya, idan aka fara da hantsi don gashin ya faɗo lokacin da rana ta take. Janareto ma zai iya idan ƙarfinsa ya haura na injin da rata, a kashe firji da dutsen guga, kuma a ajiye shi a waje nesa da taga, domin hayaƙinsa yana kisa a rufaffen ɗaki. Sai dai ƙona man awa uku saboda burodi ɗaya ba lissafi ba ne. Hanyar da ta fi dacewa da mafi yawan gidaje ita ce a raba aikin biyu: a danna shirin da aka rubuta Dough, injin ya yi murzar da ita ce mai cin ƙarfi, wadda rabin awa ya ishe ta, sauran kuma a ƙarasa da gawayi.

Gashin tukunya ba sabon abu ba ne ga matan da suka saba yin kek na biki. A bar kwaɓin ya ninka girmansa a rufe, a juye shi a faranti mai ɗan mai, a danna iska ta fita, a naɗe shi a sa a gwangwanin burodi da aka shafa wa mai, ko a yanka shi takwas a mulmula. A rufe da tsumma mai laima har ya kusa ninkawa kuma. Da bazara minti 25 na iya isa, da hunturu ya kai awa. Alamar ya yi ita ce a danna shi da yatsa, ramin ya dawo a hankali bai cike duka ba. Kafin nan an zuba yashi mai tsabta kaurin yatsa biyu a babbar tukunya, an ɗora a wuta a rufe na minti 15 zuwa 20, an jera duwatsu uku ko ƙananan gwangwanaye a kan yashin don kada gindin burodi ya taɓa shi. A sa burodin, a rufe, a zuba garwashi a kan murfin, a rage na ƙasa, domin kuskuren da aka fi yi shi ne gindi ya ƙone sama yana fari. Babba yana ɗaukar minti 35 zuwa 40, ƙanana 20 zuwa 25. Wannan hanya ita ce kuma mafita idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki: kwaɓin da bai fara gasuwa ba bai lalace ba, a ciro shi a kai tukunya. Wanda wuta ta yanke masa yana rabin gashi ne mai wuyar ceto, sai dai idan ta dawo da wuri a danna Bake a ƙarasa. Gwangwanin injin kansa kada a ɗora shi a garwashi, akwai roba a gindinsa.

Ko a inji ko a tukunya, da ya gasu a juye shi nan take da tsumma mai kauri, domin idan ya zauna a gwangwani gumi zai jiƙa ɓawon. A ƙwanƙwasa gindinsa. Idan ya yi amon abu mai kogo, ya nuna. Idan muciya ta maƙale a ciki a zaro ta da tsinke, a kuma bar shi ya huce kusan awa ɗaya a kan raga ko matankaɗi kafin a yanka, ko da yara sun kewaye shi, don cikinsa bai gama daidaita ba. Gwangwanin kuma ruwan ɗumi da soso mai laushi ya ishe shi. Soson ƙarfe yana kankare rufin da ke hana kamu, kuma nutsa gindinsa a ruwa yana lalata sandar muciya.

Akwai masu cewa burodin gida bai kai na kanti girma da laushi ba, kuma kwana biyu ya fara tauri. Gaskiya ne, amma a tambayi dalili. Gidajen burodi suna sa sinadaran ƙara kumburi da na hana lalacewa, wasu halattattu, wasu kuwa haramtattu. Fiye da shekara 20 ke nan hukumar NAFDAC ta hana sa sinadarin bromet a burodi saboda haɗarinsa ga ƙoda da alaƙarsa da ciwon daji, kuma har yanzu tana gargaɗin masu gashi a kansa da kuma sakarin da ake sawa a madadin sukari. Burodin da ya cika hannu amma aka matse shi ya koma dunƙulen yaro, iska aka sayar. Na gida ya fi nauyi, ya fi ƙosarwa, kuma uwa ta san abu bakwai da ke cikinsa. A ajiye shi a leda bayan ya huce sarai, a cinye cikin kwana biyu ko uku, musamman da damina da funfuna ke saurin kamawa. Firji yana ƙara masa tauri ne. Wanda ya kwana ya bushe, a tsoma a ƙwai a soya.

Tambayar da ta fi cancanta a ƙasar masu noman alkama ita ce me ya hana a yi da tamu. Ba abin da ya hana, sai dai a san bambancin. Lokacin da gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, har zuwa ɗage dokar a 1992, an ga cewa noma alkama abu ɗaya ne, niƙa ta ta zama farar fulawa kuma wani abu ne dabam. Injin niƙa na unguwa yana haɗa ƙwaya da dusarta, dusar kuma tana yanka danƙo tana shan ruwa, sai burodi ya fito gajere mai duhu, ko da yake ya fi ƙamshi ya fi amfani ga ciki. Mai koyo ta fara da farar fulawa zalla har hannunta ya faɗa. Daga nan ta cire giram 100 ta maye da garin alkamar Wurno da aka wanke, aka shanya, aka niƙa da laushi aka tankaɗe, ta ƙara ruwa babban cokali ɗaya. Idan gidan sun karɓa, ta kai giram 150, har rabi da rabi a shirin da injin ya tanada don garin alkama mai dusa.

Game da kuɗi kuwa, kowace uwargida ta yi lissafin da farashin kasuwarta: rabin kilo na fulawa, da sukari da mai da yis da wuta, a gefe ɗaya, burodin kanti mai nauyin giram 800 a ɗaya gefen, a sikeli ba a ido ba. Gidan da ke cin burodi sau ɗaya a mako ba ya buƙatar inji, hannu da tukunya sun ishe shi. Mai niyyar sana'a ma kada ta dogara da shi, tunda burodi ɗaya yake fitarwa a awa uku. Wanda injin ya dace da shi shi ne gida mai yara da ke karyawa da burodi kusan kullum, mai sola ko wutar da za a iya dogara da ita ko da ta rabin awa ce. Idan naki gidan haka yake, ki sayi sikeli tare da injin, ki yi burodin farko da rana kina kusa, ki rubuta awon da kika sa da watan da kika yi shi, domin awon Janairu ba zai yi miki aiki a Afrilu ba.